Wuyan da Na Kai Gummi Sallah

Kafin tafiyar Ƙaramar Sallah, wani likita maƙwabcina a Kaduna ya ba ni shawara: in riƙa sauka ina miƙe jiki duk bayan awa ɗaya ko biyu, in tallafi ƙuguna da abu mai taushi, kada kuma in duƙar da kai a kan waya. Ya ce kan baligi ya kai kilo 5, in aka sunkuyar da shi sosai kuwa, nauyin da ƙasusuwan wuya guda 7 ke ji kan kai kilo 27. Shawara ce mai kyau. Illarta ɗaya: bawan Allah bai taɓa shiga Sharon mai zuwa Gummi ranar jajibiri ba.

Na isa tasha da matashin wuya irin na masu hawa jirgi, ina taƙama. Ɗan kamasho ya dube ni, ya dubi matashin, ya cusa ni kujerar mutum uku a matsayin na huɗu. Ƙarƙashin ƙafata buhun shinkafa, gwiwoyina sun kusa taɓa gemuna. A damana wani ɗan kasuwa mai jiki, wanda tun kafin Zariya ya mai da kafaɗata gado. A bayana wata tsohuwa, ta miƙo hannu ta latsa matashin.

"Ɗan nan, wanga gammo na?"

Na fara yi mata bayanin ƙashin wuya. Ta ce madalla, in ara mata, jarkar man gyaɗarta na bugun ƙarfe. Wa zai hana uwa? Haka matashina ya yi tafiyarsa a ƙarƙashin jarka, kuma in faɗi gaskiya jarkar ta isa lafiya lau.

Daga Zariya zuwa Funtuwa a kan rabin mazauni na zauna. Da muka wuce Tsafe na duba agogo, na tuna likita, na ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya mu miƙe ƙafa."

Motar ta yi tsit. Har mai barcin ya farka.

"A nan?" in ji direba. "Malam, in ka sauka a nan, wasu za su miƙe maka ita har cikin daji."

Ban ƙara magana ba. Kowa ya san abin da ke zuciyar direban wannan hanya: ya karya kwana a Mayanci, ya ratsa Anka, ya wuce Daki Takwas tun rana na sama. Ciwon bayan fasinja ba ya cikin lissafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Tsayuwar kirki ɗaya muka yi, a Gusau, don sallar Azahar. Ban taɓa daɗewa a ruku'u irin na ranar ba. Bayana ya riƙa ƙara ƙas-ƙas, wani ya ɗauka tsoron Allah ne. Da muka koma mota tsohuwar nan ta naɗe wani zani ta tura shi tsakanin ƙuguna da kujera, ta ce in ciro walat daga aljihun baya in daina zama a karkace. Abin da likita ya faɗa ne, sai dai ita da hannu ta yi. Bayana ya samu sauƙi nan take, sauƙin ya jawo barci, barcin ya jingina kaina da gilashi. Kowane rami daga Anka har ƙasar Bukkuyum, wuyana ne ya karɓe shi.

Na sauka Gummi fuskata na kallon hagu, ta ƙi dawowa.

Inna na ganina ta ɗora hannu a ka. Zafi ake yi, kuma ba wanda ya manta da sanƙarau na 2017 a Zamfara. Sai da ta taɓa goshina ta ji ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba amai, sannan salati ya koma dariya. Aka gasa min da tsumma da ruwan ɗumi, aka mulke ni da man zafi har idona na hawaye.

A filin Idi liman ya yi sallama, jama'a suka juya dama. Ni sai da na juya da gangar jiki gaba ɗaya, na kai wa na kusa da ni gwiwa. Wurin gaida Kawu kuwa, na durƙusa ina kallon bango.

"Wato ka zama ɗan birni, ba ka iya duban mutane?"

Dole na zauna masa a gicciye, sannan muka haɗa ido. Yaran gida su ne suka fara gane inda riba take: duk mai son goron Sallah sai ya zagayo ta damana, wajen aljihun.