Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwangwanin Fenti Na Gandun Dabbobi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan ba ka bushe ba, na rubuto ne don na ga an daɗe ana tauye maka haƙƙi. Tun da George Orwell ya fitar da littafinsa a watan Agusta na 1945, hirar kowa a kan aladu da karnuka take. Da Bala Abdullahi Funtua ya mayar da shi Hausa a 1975 ma, Maitumbi shugaban aladu ne ya yi suna, Akawal doki ya sha tausayi, kai ko sannu ba a yi maka ba. Alhali ba don kai ba, da mulkin aladun nan bai yi ƙarko ba.

Da dabbobi suka kori Nomau mai gandun, da kai aka rubuta dokoki bakwai a bango. Alade Ɗantulu ne a saman tsani, ɗan'uwansa alade Karambana yana ƙasa da shi riƙe da kai. Tun ranar ya kamata a lura da hannun da ka faɗa.

Ladabinka ne ya burge ni. Ba ka gaggawar goge doka, ƙari kawai kake yi mata a wutsiya, cikin dare. An hana kwana a gado, da aladu suka tare a gidan Nomau sai aka wayi gari ashe zanin gado ne laifin. An hana giya, sai ya zama yin tatul ne kawai haramun. An hana kisa, bayan karnuka sun yayyaga waɗanda aka sa suka amsa laifi, sai ga ƙarin bayani cewa in da dalili ba komai. Dabbobi su taru su yi ta kallon bango, kowa na jin ba haka ya tuna ba, amma wa zai yi musu da rubutu? Yawancinsu ba su wuce harafin farko ba, Akawal da duk ƙarfinsa a na huɗu ya maƙale. Jakin da ya iya karatu kuwa, daren da Karambana ya rikito daga tsani aka same ka a kife kusa da shi, gyaɗa kai ya yi, ya ja bakinsa ya tsuke. Har yau shi na fi jin haushi.

Danginka na Mosko ma ba baya ba ne. Sun share Trotsky daga hotunan zamanin juyin juya hali tun kafin a bi shi Meziko a kashe a 1940. Kundin tsarin mulkin 1936 ya yi alƙawarin 'yancin faɗar albarkacin baki, a shekarar da Stalin ya fara gurfanar da tsofaffin abokan gwagwarmaya suna amsa laifin da aka tsara musu. Da aka kashe Beria, shugaban 'yan sandan sirri na Stalin, a 1953, masu babban kundin sani na Tarayyar Sobiyet sun samu saƙo su yanke shafinsa, su liƙa bayani kan Tekun Bering a gurbinsa.

Sai dai na gano ba ka da jam'iyya, duk wanda ya ɗauke ka shi ne ubangidanka. Orwell ɗan gurguzu ne da ya yi yaƙi a Sifen har harsashi ya huda masa wuya a 1937, amma maɗaba'un Landan suka yi ta mayar masa da littafinsa, don lokacin Stalin abokin ƙawancensu ne a yaƙi da Hitler. Ya rasu a 1950. Shekara huɗu bayan nan aka yi fim ɗin zane da kuɗin CIA. A littafi, aladu da mutane ne ke cacar karta har aka kasa bambance su. A fim aka cire mutanen daga walimar, aka bar aladu zalla, kada wani ya zaci 'yan jari-hujja ma suna da tumbi. Wannan aikinka ne, na gane hannun.

Ka gaida buroshi da fitila. Na ji tsani ya karye gida biyu, Allah Ya ba shi lafiya.

Naka,
Wani makaranci