Lamba 47 Ce Rayuwata

Makon nan cutar ta sake tashi a Tarka, kuma da alama ba za ta lafa ba sai an gama sussuka. Kowace fada ka gifta, kowace mota ka shiga zuwa Belbeji ko Tanut, akwai bawan Allah da ya "gano" waƙa. Ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, ya ce wannan da shi ake. Ba ka isa ka tuna masa mai waƙar, Shata, ya rasu tun 1999, shi ko rarrafe bai fara ba. Shekaranjiya ya tono ta, don haka tasa ce, kuma dole fasinja goma sha tara da akuya biyu su taya shi jin sirrin zuciyarsa da iyakar ƙarar waya.

Sirrin nan kuwa ba nasa ba ne, na mai caji ne. Yaron da ke zama ranar kasuwa bayan tebur mai wayoyi hamsin da tsohuwar kwamfuta, shi ke raba wa Damargu abin da za ta ji a rai. Ka miƙa kati da 'yan daloli, ya juye maka abin da ya juye wa na gabanka: Jarumar Hamisu Breaker ta 2020 don wadda ta ƙi ka, Ado Gwanja don biki, Ma'azu Ɗan Alalo don ka ji kamar kai ma da rawani aka haife ka a Damagaram, gitar Buzaye, Indiya uku, sai wa'azi a ƙarshe don tuba. Rabinsu ko suna babu, sai lamba. Shi ya sa magidanci mai 'ya'ya shida zai rantse lamba 47 ce tarihin rayuwarsa. Wa ya rera? Oho. Me ake faɗi? Indiyanci ne. Wataƙila baiwar Allah kukan saniyarta da ta ɓace take yi, shi kuwa yana hawaye kan wadda aka aurar da kakar bara. Maƙwabcinsa ma 47 ce rayuwarsa, haka surukinsa, haka mai faci. Ranar da mai caji ya sake jera kayansa, 47 ta koma tallar maganin basir, a yini ɗaya ƙaddarar mutum ɗari za ta juya, ba boka ba malam.

Za a ce waƙa ba ta tambayar yare, kuma kati ya yi rana. Gaskiya ne. Mawaƙi Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, ba rediyo ya ɗauke shi ba, daga waya zuwa waya ya ratsa hamada, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sa shi cikin tarin waƙoƙin salula da ya fitar a 2011. Ba wanda ya hana kowa son abin da bai fahimta ba. Za a kuma ce ai da ma a zaɓi-sonka haka ake yi, mutum ɗaya ya zaɓa, ƙasa duka ta saurara. To, amma zaɓi-sonka yana da lokaci, kuma kowa da makunnin rediyonsa a hannu. Wa ke da makunnin wayar wani? Liman ya kabbarta, Gwanja ya amsa daga aljihu a sahun gaba. A zaman makoki ana shafa fatiha, ganga na tashi, mai ita yana lalube kamar kunama ta shiga rigarsa, gobe kuma ya dawo da ita yadda take. Wannan rashin ta-ido ne, ba son waƙa ba.

Ga kuma lasifikar nan ta Bluetooth. Kafin ta saki ko kiɗa ɗaya, sai wata mata ta yi magana daga ciki da wani irin Turanci, wai an haɗa. Babu muryar da aka fi ji a Damargu kamar tata: tana rijiya, tana amalanke, tana bayan raƙumi, tana ɗakin amarya da tsakar dare. Ba ta taɓa yin sallama ba, ba wanda ya san iyayenta, yara kuwa sun haddace ta kafin su kai Tabbat yada. Har yau ban ji wanda ya ce da shi take ba, amma a jira kasuwa mai zuwa.