Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Kwanon Dutsi

Taubashi, bawana na Dutsi, barka da shan zafi. Labari ya iso mini cewa ka sa an sauke soron kakanmu, an zare azara, ka ɗora kwano bandir uku, falle 60 ke nan, kana yawo a kasuwa kana cewa ka shiga sahun 'yan birni. Masu mota sun ce tun daga mararrabar Shargalle ƙyallinsa ke kashe musu ido.

To bari in wayar maka da kai, tunda karatu ya gagare ka. Abin da kake tinƙaho da shi tsohon yayi ne. Tun 1829 wani injiniya, Henry Palmer, ya yi masa rajista a Landan, don rufa ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa. Ashe ba laifi, kai ma kayan ajiya ne.

Kakanmu da ka raina ya san abin da yake yi. Ƙasa mai kauri a kan azarar giginya tana tare zafin rana, ba ta sako shi sai dare ya yi. Kuɗinta kawai yaɓe kafin damina da gyaran indararo. Kai kuwa rowa ta hana ka sa silin, sai ga shi a watan Afrilu ɗakinka ya koma tandun gurasa, mai gida da kansa yana gudun hijira gindin dalbejiya da tabarma a hammata. Idan ruwa ya sauko kuma ba mai jin wani. An ce rannan uwargida tana yi maka gorin cefane, kana ta amsa mata da amin.

Allah dai ya rufa maka asiri da autanka, wanda ya gaji hankalin ɓangarenmu. Na ga ɗan gidan da ya ƙera da gwangwanayen maltina. Sai ya yanke kai da gindi da almakashi, ya tsaga cikin, ya daddanne shi ya miƙe. Daga nan ya jera sifok ɗin tsohon keke a kan katako, ya shimfiɗa fallen a kai, ya bi tsakaninsu da gindin cokali har tudu da kwari su fito. Yaron ya gane cewa miƙaƙƙen falle lanƙwashewa yake yi, amma da an yi masa waɗannan layukan sai ya yi tauri, ruwa kuma ya sami hanyar gangarawa. Har silin ya yi da kwali, ya bar kafar iska a sama. Ubansa mai furfura bai kai nan ba.

Shawarata kyauta ce. Kafin guguwar farkon damina, kira kafinta ya ƙara ƙusa mai hula, ya ɗaure katakon da langalanga a jikin bango, ka daina danne rufi da bulo da tsohuwar taya. Ka ɗauki autan a matsayin mai duba aiki, ka biya shi. In ka ƙi ji, ranar da kwanon ya tashi ya sauka a Nijar, kai za ka yi wa kwastan bayani.

Kuɗin sharata na bana kuma, ka aiko kafin ka ce silin ya cinye.