Zuwa Ga Sarkin Buhunan Kurfi

Landan, Ingila
Nuwamba 2025



Zuwa ga bawana ɗan Gwaggo, wanda na ji ya naɗa kansa Sarkin Buhu ba da sanin Maraɗin Katsina ba.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin Gwaggo, ya ƙafar tata? Ya amarya da yara, ya aikin kaka? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da duhun da ke sauka tun ƙarfe 4 na yamma. Mutum na idar da La'asar, kafin ya sha shayi an kira Magariba.

Labarinka ya iso ni, kuma ba daga baki ɗaya ba. Kuɗin da na aiko a saya wa gidajen nan biyu hatsi, namu na Dutsin-Ma da na Gwaggo a Kurfi, an ce ka saya, Allah ya yi maka albarka. Sai dai an ce ba ka tsaya nan ba. Ka sayar da babur, ka sayar da ragunan da ake kiwo saboda layya, ka lallashi amarya ta ba ka kwasar adashinta, ka yi ta lodin masara da gero da wake har ɗakin baƙi ya cika, ka tsallaka ɗakinta. Yanzu wai sai ta karkace take shiga ɗauko mayafi, yara kuma a kan buhun dawa suke biya allo. Wai in aka yi sallama sai ka leƙo ta taga ka duba ko mai saye ne ko mai roƙo kafin ka amsa. Baba ma da ya je gaida Gwaggo, an ce ka hana shi zama sai da ka zagaya da shi ya ga buhunan ɗaya bayan ɗaya, kana shafa su kana faɗa masa nawa kowanne zai kai in damina ta faɗi. Kai, bawana! Yaushe ka zama ɗan Dawanau?

Tanadin kansa ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga 2023 da 2024 a gida ba zai yi wa mai cika rumbu dariya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta yi ƙasa. Cikin Yuli sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar Jibiya ta mutu sai a Maris 2024. Ga gonakin da aka bari saboda ɓarayin daji, tun daga ƙauyukanku har Safana da Batsari da bakin dajin Rugu. Tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda, buhun shinkafa ya doshi naira 100,000 alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Na san gidajen da aka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, kai ma ka san su. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan gaskiya ce.

Kuma kada ka ɗauka mu nan Ingila a kan tudun shinkafa muke kwana, don na san abin da kuke faɗa kenan a majalisar bakin tasha. A Maris 2023 tsadar abinci a nan ta kai kashi 19 cikin 100, rabon da su ga irin haka fiye da shekara 40. Wata guda kafin nan manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Aldi suka sa doka a kan tumatir da tattasai da kokwamba: ƙunshi 3 kowane mutum, ko kai waye. Na tuna da kai a lokacin, kai da ke zuwa bakin madatsar Zoɓe da rani ka ciko kwando, kana ci ɗanye a hanya kana jifan awaki da wanda ya lotse. Da an kawo ka gaban matar da ke karɓar kuɗi ta ce maka uku kawai, da sai an kira 'yan sanda. Kafin wannan, a 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, man girki ne aka riƙa ƙayyadewa. A Yuli 2023 kuma Indiya ta hana fitar da farar shinkafa in ba basmati ba, 'yan Indiyan da ke Amurka suka yi dafifi a kantuna suna kwasar buhuna. Akwai kuma ɗakunan raba abinci kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. Ƙungiyar Trussell kaɗai ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan 3 a shekara guda. Turawa ne a layi, da tsofaffi da mata masu goyo. Na gani da idona, kuma abin ya taɓa ni.

Su ma suna tanadi, sai dai ba su da rumbu, ɗakunan kuma ƙanana. Maƙwabcina ɗan Pakistan, in an karya farashi, yakan sayi shinkafa mai kilo 20 da garin alkama ya tura ƙarƙashin gado, gwangwanayen tumatir kuma su hau saman kabad ɗin tufafi. Da yamma za ka ga mutane suna shawagi kusa da yaron kanti, suna jira ya manna 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a kan burodi da naman da kwanansu ya kusa ƙarewa, don a nan ake rage kuɗi. Yana mannawa hannuwa na bin hannunsa. Geron da kake taƙama da shi kuwa, in ka ga babban buhunsa a nan, to na tsuntsaye ne. Na mutane sai ka je shagunan 'yan Afirka a unguwar Peckham, a ba ka a 'yar ledar da ba ta kai rabin tiya ba, a caje ka kuɗin da zai sa ka fasa shan fura.

To, mu koma kan buhunanka. Tanadin gida daban, ɓoye abinci don jiran tsada daban, kuma kai ka tsallaka daga na farko zuwa na biyu. Ka manta abin da ya faru a Fabrairu 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta garƙame rumbunan ajiya a Dawanau? Ka ga kuma abin da ya biyo baya. A Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kaya suka shigo, a wannan shekara ta 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka. Mutane da yawa da suka saya da tsada a kakar bara suna jiran riba, sai da suka fitar a ƙasa da yadda suka saya, wasu da bashin banki a wuyansu. Waɗannan manyan 'yan kasuwa ne masu tirela. Kai da jarinka babur ne da adashin amarya, in ta juya maka, da ƙafa za ka riƙa zuwa Dutsin-Ma, kuma kwanan zaure ya kama ka, in ma zauren bai cika da buhu ba.

Bayan asara akwai alhaki. Kai ne mai zama sahun gaba ranar Juma'a, ka sha jin abin da malamai ke faɗa kan mai ɓoye abinci mutane na nema. Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya tara hatsin shekara 7, don a ciyar da jama'a ranar fari ya tara. Kakanmu ma da ake ba mu labarin rumbunansa, abin da ya sa har yau tsofaffi ke yi masa addu'a shi ne ya buɗe su a farin 1973, maƙwabta suka ci.

Ga umarnin ubangidanka, ka saurara da kunnen basira. Ka zauna da Gwaggo, ita ta san tiya nawa gidan ke ci a wata, ba kai ba, kai ci kawai ka sani. Ku lissafa abin da zai kai gidajen biyu har sabon gero ya shigo, ku ɗora ɗan ƙari saboda baƙi da biki da suna. Ka fitar da zakkar abin da ka noma. Sauran ka riƙa kai shi kasuwa kaɗan-kaɗan, ka fara mayar wa amarya kuɗinta da ɗakinta, sa'an nan ka fanso babur.

Wanda za a ajiye kuma a ajiye shi da kyau, don na ji an ce a ƙasa ka jibge su, jingine da bango. Masarar da ba ta bushe ba fumfuna za ta yi, kuma fumfunar masara da gyaɗa guba ce mai taɓa hanta. Ka ɗauki ƙwaya ka ciza: in ta fashe ƙaras, ta bushe, in haƙori ya nutse, a mayar da ita rana. Ko ka zuba 'yar kaɗan cikin busasshiyar kwalba tare da gishiri, ka rufe, ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima. Wake da masara ka nemo musu buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Ka duba ledar ba ta huje ba, ka zuba, ka matse iskar ta fita, ka murɗe bakin ledar farko ka ɗaure, ka ɗaure ta biyu daban, sa'an nan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu, ba ka sa magani ko ɗigo ba. Amma fa ba a buɗewa kullum, don na san halinka, za ka riƙa kwancewa kowace safiya kana gaisawa da waken. Ka ɗora su a kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango, ka samo kyanwa.

Abin da na haɗa ka da Allah a kai shi ne fiya-fiya da sauran magungunan feshi. Kada ka zuba su a abincin da yara za su ci. Saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen waken Najeriya a 2015, mu da ke nan muka sha wahalar neman waken ƙosai. In ba ka sami buhun ba, Gwaggo ta san dabarar toka da barkono da ganyen bedi, da su ta raine ka har ka yi wannan tumbin.

Azumi na tafe cikin Fabrairu in Allah ya kai mu, kuma ka san yadda sukari da man gyaɗa da gero ke yi in ya matso. A sayi na gidajen biyu tun yanzu, daidai buƙata. Ka bincika shagunan Rumbun Sauƙi da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta buɗe, ko Baba zai samu a matsayinsa na ɗan fansho. In tumatirin rani ya faɗi a Zoɓe, a yanka a shanya kauɗa, a busar da kuɓewa da tattasai, kada damina ta zo ku koma miyar kuka safe da dare kana kirana kana kuka.

Akwai kuma mutanen nan da suka gudo daga ƙauye suke zaune a kangon bayan gidanmu na Dutsin-Ma, matar nan mai marayu da tsohon da ke tare da su. A cikin kason da na biya, ka ware buhun gero da na masara ka kai musu da dare, ba tare da ka tara yara suna kallo ba, kuma kada in ga hoton a Facebook. Zan tambayi Inna, ka san ba ta rufa maka asiri.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai taho nan ƙaro karatu bayan sabuwar shekara, Baba ya san gidansu. A ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji ya riƙo mini. Daddawar a naɗe ta cikin leda da kyau, kada karnukan filin jirgi su bi yaron mutane. Kilishi da man shanu kada a sa, ba a barin nama da kayan madara su shigo, ƙwacewa za a yi. Maganar kuɗin shara kuma tana nan, cika-ciki ta wuce ka yi shiru, na rubuta.

Ka gaida Gwaggo da kyau, ka ce a ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida amarya, ka ba ta haƙuri, ka ce mata ubangidanka ya sa baki, ɗakinta zai dawo kafin ƙarshen wata. Ka gaida 'yan majalisa da liman. In ka gama kwashe buhunan, ka ɗauki hoton ɗakin ka turo mini ta WhatsApp in gani da idona.

Wassalam.

Naka,
Ubangidanka ɗan Kawu, daga Landan