Wasiƙa Zuwa ga Hollywood: A Bar Dattijai Su Huta

Ranki ya daɗe,

Ƙorafi na kawo a kan dattijan nan da kike ta aikawa ɗaukar fansa. Mu da muka tashi a gidan kallo mun san ƙa'ida: akta ba ya mutuwa, bos ne ke mutuwa. Ba mu taɓa jayayya ba. Amma babu wanda ya gaya mana cewa akta ba ya ritaya.

Sylvester Stallone ya fara Rambo a 1982. A 2019, yana da shekara 73, kika sake miƙa masa wuƙa da kwari da baka, kika sa shi haƙa ramuka a ƙarƙashin gonarsa ta Arizona yana dakon 'yan daban Meziko. Haba, ranki ya daɗe! Ko tausayin ƙugunsa ba ki ji ba?

Liam Neeson kuwa yana zamansa lafiya, ana girmama shi tun Schindler's List na 1993, sai kika fito masa da Taken a 2008, yana da shekara 56. An sace 'yarsa a Paris, ya ɗauki waya ya ja kunnen ɓarayin, ba su ji ba, ya je ya gama da su. Kuɗi ya shigo, shi ke nan kin ga wurin kwana. A na biyu, a 2012, aka sace shi da tsohuwar matarsa a Istanbul, a na uku aka kashe matar gaba ɗaya. Iyali ɗaya ake ta bi kamar sun ci bashin duniya. A na ukun nan ne bawan Allah ya zo tsallake wani shinge, aka yanka hoton fiye da sau goma cikin 'yan daƙiƙu: ga hannu, ga ƙafa, ga takalmi, ga sama, ga shi can a tsallake. Mun gani, ba mu ce komai ba ne kawai. Edita ne ya tsallake shingen nan, kuma ina fatan an ƙara masa albashi.

Keanu Reeves shi ma bai tsira ba. An kashe masa ɗan kwikwiyo, an sace masa mota a John Wick na 2014, aka shiga kisa har fim huɗu. A na 2023, yana dab da shekara 60, kika mirgino shi daga matakala 222 a Paris, ya miƙe ya sake hawa. Ni da ko matakalar bene ɗaya sai na tsaya shan iska.

Wanda ya fi su wayo shi ne Denzel Washington. A The Equalizer na uku, yana da shekara 68, ya gane cewa faɗa ba sai a tsaye ba. Yana zaune a kujera, ya dubi agogo, ya ba mutane daƙiƙun da suka rage musu. Yana dogara sanda, yana shan shayinsa a wani ƙaramin gari na Italiya, in ta kama ya matse wa ɗan daba jijiyar hannu ba tare da ya bar teburinsa ba. Wannan shi ne dattako, kuma shi kaɗai na yarda da shi.

Na san abin ba yau ya fara ba. Charles Bronson ya yi ta Death Wish daga 1974 har 1994. Na kuma san lissafinki: suna shi ke sayar da tikiti, kuma mu da muka san sunayen mun yi furfura tare da su. Daɗi muke ji in mun ga sa'anmu yana lallasa samari goma, mu koma gida mu shafa man zafi a gwiwa. Sai dai lissafin nan ne ya sa Bruce Willis ya yi ta fitowa a ƙananan finafinai barkatai, har iyalinsa suka sanar a 2022 cewa rashin lafiya ta hana shi aiki. Wannan kam babu abin dariya a ciki.

Ga shawarata. Ki fara da miyagun naki: in sun ga mutum shiru-shiru yana zaune shi kaɗai, yana kiwon zuma irin Jason Statham a The Beekeeper, su gaishe shi su wuce. Sannan ki sani, babban makamin tsoho baki ne. Ki yi mana fim ɗin da Neeson zai ɗauki waya ya ce "Allah ya isa" sau ɗaya, ya ajiye. Motar ɓarayin ta mutu a hanya, shugabansu ya kwana da ciwon haƙori, kafin asuba su dawo da yarinya har da kuɗin mota, suna roƙon Baba ya yafe. Minti ashirin an gama, ba harsashi, ba shinge.

In kuma dole sai an yi Taken na huɗu, to a sace masa tabarau kawai, mu ga yadda zai nemo su.

Naki mai kallo,
Wani tsohon ɗan gidan kallo, daga Kano