Mu da Man Giya

A unguwarmu akwai dokar da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma duk mai motar otomatik ya haddace ta: ba a taɓa man giya. Baƙin mai dai muna canzawa, wani ma tun lokaci bai yi ba. Muna wanke mota kullum, mu goge taya har ta riƙa sheƙi. Amma ka ce wa mutum ya leƙa jan man nan na cikin giyabos, sai ya riƙe baki: "A'a, rufa mini asiri! Ba ka ji abin da ya sami motar Alhajin bayan layi ba? Ranar da ya canza, ranar ta zauna." Kowace majalisa da nata Alhajin bayan layi.

Yawancinmu 'yar Beljiyam muke hawa, wadda ta gama shan duniya a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Legas, ko a Kwatano kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017. Sai mu kira ta da kirari: Accord ta 2003 End of Discussion, ta 2008 Evil Spirit, Camry kuma Big Daddy da Muscle. Dillali ya rantse wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa. Maleji yana nuna ɗan kaɗan, robar takun birki kuwa ta cinye har ƙarfe ya leƙo. Ko malejin bai yi ƙarya ba, na Amurka da mil yake ƙirga, saboda haka 150,000 ɗin da kake gani ta kai kilomita 240,000.

Giya ba ta mutuwa babu sallama. Da safe ka saka D, ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, can sai ka ji ƙum. A kan titi ka taka totur, inji ya yi ta gunji, allura ta haura sama, amma mai Adaidaita Sahu ya wuce ka yana waiwayenka. A Honda harafin D har ƙiftawa yake yi don ya sanar da kai. Mu kuma sai mu ƙara sautin rediyo. Wani ma baƙin salatif yake liƙa wa fitilar, a zauna lafiya.

A cikin giyabos akwai faya-fayan kuloci jere a cikin mai. Man ne ke matse su su kama, shi ke sanyaya su, shi ne kuma ke miƙa ƙarfin inji zuwa giya. In ya ragu ko ya ƙone, matsi ya yi rauni, faya-fayan su fara sulɓewa, sulɓewa ta haifi zafi, zafi ya cinye su. Garin da suke zubarwa yana yawo cikin tsohon man, kuma shi ke ba su ɗan kamun da ya rage. Alhaji ya bari sai da tafiya ta kai nan sannan ya tuna da canjin mai. Sabon mai ya wanke garin, mota ta zauna. Gaisuwar mutuwa ya zo yi aka kama shi da laifin kisa.

Dubawar ba ta cin ko kwabo. Ka bari mota ta yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka zaro sandar gwaji ka shafa a farin ƙyalle. In ja ne garau, alhamdulillahi. In ya koma ruwan ƙasa, lokacin canji ya yi. In baƙi ne yana ƙauri, ko kana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, to ka fara lissafin aljihu. In kuwa ya yi fari-fari ya kaurara, ruwa ne ya shiga daga lagireto, domin a cikinsa bututun sanyaya man giya yake bi, mu kuma ruwan rijiya muke ɗura masa har tsatsa ta huda shi. Toyota tana kunne ake duba nata, Honda sai an kashe ta a duba nan take. Yaron gareji duk iri ɗaya yake yi musu.

Sai zancen wane mai. "Oga, ATF ai ATF ne," in ji mai kwalabe a bakin titi. Ba haka ba ne. Honda da nata, Z1 a da, DW-1 yanzu. Toyota T-IV ko WS, gwargwadon shekarar mota. Masu giyar CVT kuwa nasu daban ne gaba ɗaya. Tsohuwar giyar da ba ta kai ga ƙauri ba lallaɓa ta ake yi: a kwance noti a tsiyaye abin da ya fito, kamar lita 3, a mayar da daidai shi, a hau ta kwana biyu a sake. Ba a ɗora mata injin da zai tunkuɗa datti cikin ƙananan hanyoyin mai.

Halinmu ma ba ya taimako. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowa ya zama gwanin jefa giya a N a gangara, alhali injin zamani da kansa yake datse fetur in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya. Mu fito da baya, mota ba ta gama tsayawa ba mun cafka D. Lokacin Sallah mutum bakwai, buhu biyu da rago a but, a zafin Afrilu in ta faɗo a nan. In mota ta mutu a hanya mu ɗaura mata igiya mu ja ta daga Zariya har Kano, famfon mai ba ya juyawa tunda inji a kashe yake.

A yi adalci, ba duka laifinmu ba ne. A 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, har da Accord mai silinda shida, saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi fiye da kima. Waɗansu daga can suka taho mana da ciwonsu.

Sau da yawa kuma abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Solonoyid ɗaya ne ya toshe, ko sansa ta mutu, abin da kwamfuta za ta nuna cikin minti kaɗan. Amma kuɗin ɗora kwamfuta muke ƙyashi. Bakanike ya kara kunne a bonet, ya girgiza kai: "Ranka ya daɗe, giya ta tafi. Sai dai a shiga Ƙofar Ruwa." Kasuwar kayan gyaran mota ke nan, mutanen Kaduna kuma Panteka. A tafi a yi ta ciniki a kan wata giyar da ba wanda ya san tafiyar da ta sha, a ba ka garantin mako guda, a ɗaura, a cika ta da man mai kwalabe. Tsohuwar kuwa a bar wa bakanike ita kyauta, wai ta tare wuri. Ba mamaki nan da wata biyu an wanke ta da fetur, an rubuta mata lamba da farin fenti, maƙwabcinka yana tsugune a gabanta yana cewa a rage masa wani abu.