Yadda Ake Jinyar Akwala Tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi

A 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya zo nan ya ja birki. Gyaɗa da auduga ya zo kwasa. Yau jirgin ya zama labarin da tsofaffi ke ba jikoki, amma kayan ɗauka ba su ƙare ba, sai dai sun koma wuyan wata baiwar Allah da Jamusawa suka ƙera don kai maigida da iyalinsa cefane, wato Golf 3. A 1991 kamfanin Volkswagen ya fara fitar da ita, mai dogon bayan nan da 'yan tasha suka fi so kuwa an daina ƙera ta a 1999. Ke nan autar cikinsu ma ta haura shekara 25, wasu kuma sun girmi Jihar Zamfara, wadda aka yanke wa cibiya a 1996.

Mai irin wannan mota, ko Sharon, ko Carina, ko tsohuwar Fijo 504 da ta ƙi mutuwa, ba sai ya yi karatun injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura ba. Kunne yake buƙata, da hanci, da haƙuri, da bakanike guda ɗaya mai tsoron Allah. Na ƙarshen nan sai an tona, amma akwai su.

Da farko ya cire idonsa daga lambobin nan na gaban sitiyari masu ƙidayar tafiya. Motar ta gama aikinta a Turai, ta sha iskar teku zuwa Kwatano, ta ratso ta Maraɗi ko ta wata hanyar da ba a faɗa, tunda tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. A kowane zango akwai mai hannu da ke rage mata shekaru. In ta nuna 140,000, ya yi mata uzuri irin wanda ake yi wa bazawarar da ta ce bara ta cika ashirin. Masu faɗin gaskiya su ne robar kuloci da ta suɗe, sitiyarin da ya yi sulɓi, da kujerar direba da ta lotsa gefe ɗaya. In kuwa daga Amurka motar ta fito, da mil take lissafi, sai ya ninka da 1.6 ya ga inda dare ya yi masa.

Sai kunne. Gyara mafi araha da aka taɓa ganowa a ƙasar Hausa shi ne a ƙure muryar Ɗanƙwairo a rediyo har ƙarar ta ɓace. Yana aiki, amma na kwana uku ne. Wanda ke son motar ta ga baɗi, ya kashe rediyon, ya sauke gilashi, ya saurara. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba lokacin da aka karya kwana, shaft ne. Robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya zauna. Gunji mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauya murya in an ɗan karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Tsuwa da sassafe, fanbel ne ya saki. Ƙwaram-ƙwaram a kan gargada, a duba bushin da boljoyin da shokazoba, waɗanda a hanyoyin nan duk shahidai ne. Wanda bai gane inda ƙara ke fitowa ba, ya ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin altaneta ko kan injin, ya manna ƙotar a kunne, yana kiyaye hannun rigarsa daga fanka. Tsofaffin kanikawa da wannan suke aiki, kuma ba kasafai suke kuskure ba.

Ƙara ɗaya ce ba a shawara da ita: bugu mai nauyi daga can ƙasan injin, dum-dum-dum, mai bin totur, musamman in jar fitilar baƙin mai ta kama. Nan a kashe mota take. Duk kilomitar da aka ƙara, kuɗin sabon injin ake tarawa.

Hayaƙin salansa ma yana magana. Shuɗi-shuɗi, injin na ƙona baƙin mai, ringi sun gaji ko robobin bawul sun bushe. Baƙi, fetur ya fi iska yawa, kuma kafin a zargi kowa a buɗe matatar iska, domin ƙurar hunturun Zurmi ta isa ta toshe ta cikin 'yan makonni. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ga ruwan lagireto na raguwa, ga murfin baƙin mai ya yi kumfa kalar shayi da madara, to gaskit ya ƙone. Maganin gargajiya na shuɗin hayaƙi shi ne a zuba baƙin mai mafi kauri da aka samu a kasuwa. Hayaƙin zai ragu, mai saye zai yaba, ringin kuma suna nan yadda suke.

Zafi shi ne babban ciwon da ke kai tsofaffin motoci ƙasa a wannan yanki, inda a watan Afrilu rana ke haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Al'adar da aka gada kaka da kakanni ita ce, ranar da motar ta iso, a ciro tamostat a jefar, a ce na ƙasar ƙanƙara ne, sannan a haɗa fanka kai tsaye da makulli ta yi ta juyi daga asuba har isha. Mai mota ya tafi yana murna allura ba ta tashi. Abin da ba a gaya masa ba, injin an ƙera shi ne ya yi aiki a kusan digiri 90. In ya daɗe bai kai nan ba, ƙwaƙwalwar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ɗura fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su ci kansu. An gudu daga zafi, an faɗa shan mai. Ita kuma fankar da ba ta hutawa, ranar da za ta gaji ba za ta yi sallama ba.

Ainihin masu laifin galibi ƙanana ne. Murfin lagireto da robarsa ta mutu, misali. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120, kuma kuɗinsa bai kai na tsire mai kyau ba. Sai ruwan rijiya da ake ɗurawa, wanda ke barin tsatsa da farin gasa har ƙananan hanyoyin lagireto su toshe. Sai famfon ruwa da fukafukansa suka cinye. In lagireto ya fara yoyo a daji, akwai masu fasa ɗanyen ƙwai a ciki, akwai masu zuba garin barkono. Ramin yakan toshe kuwa, tare da sauran ramukan da ba a ce a toshe ba, don haka in an isa gari a wanke shi. Wanda kuma ya buɗe murfin lagireto yana tafasa don ya ga abin da ke ciki, zai gani, da fuskarsa.

Motar da ta ƙi tashi da safe ba lallai sammu aka yi mata ba. A murɗa makulli a saurara. In ƙat ɗaya ta yi ta yi shiru, fitilu kuma suka dushe, a duba kan batir. Wannan farin garin da ke taruwa a wurin shi ke tare wuta, ruwan kanwa da tsohon buroshi sun ishe shi. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, in injin na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir ɗin da aka matsa wa mutum ya saya zai mutu kafin sati ya zagayo. Bugun kik da sifana yayin da yaro ke murɗa makulli ba camfi ba ne, gawayin ciki ne ya cinye, bugun ke sa ya taɓa. Sai dai duk wanda ya mai da shi ɗabi'a, ya riƙa ajiye mota a kan gangare, ya kuma kyautata wa maƙwabta, don su ne 'yan turi.

Maganar mai kuwa, tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, allurar tankin direbobi da yawa ta tare a kan ja. Matsalar ita ce famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tanki a bushe, famfo na zafi yana zuƙar dattin gindi, sai mota ta fara shaƙewa a hawa, tana tari in an taka. Ƙara da man galan na 'yan bumburutu, wanda Allah kaɗai ya san abokan tafiyarsa. Kada a ɗora wa yaran bakin titi laifin duka: a Fabrairun 2022 gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya lalata motoci a Legas da Abuja, ta jirgin ruwa ya shigo daga Beljiyam, ƙasar da ake jingina wa duk wani abin kirki na gwanjo. A sauya matatar mai tukuna kafin a taɓa famfo ko nozul.

Motocin da suka ɗan fi ƙuruciya suna da fitilar nan mai ruwan lemo mai hoton injin. Ana magance ta da baƙin salatif, ko a liƙa hoton ɗan takara a kanta. Amma tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai, doka ta sa motocin fetur su zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura ta karanto ƙorafinsu. P0300 na nufin injin na tsallake wuta, a fara da fulogi da koyil. P0171, iska ta fi mai, a nemi tiyon da ya tsage. P0420 kuwa sau da yawa sanarwa ce cewa indomin da ke cikin salansa, wato matatar hayaƙi, ya riga ya yi tafiya, wataƙila tun kafin motar ta bar Kwatano, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Na'urar wurin ciwo take nunawa. Ba ta ce a sayi duk abin da ta ambata ba.

A gareji ne ake gane mai mota na gaske. Zai tarar da ogan a ƙarƙashin wata motar, ƙafafunsa kawai ake gani, yara uku na wanke notina a cikin gwangwanin fetur, ga tabarmar masu jira a gindin dalbejiya. Bayan gaisuwa sai ya ji: "Alhaji, motag ga lahiya lau take, injin dai za mu sauke." To a nan ya gyara zama. Ya ce, "Oga, a fara gwada fulogi mu gani." Ya nemi a nuna masa abin da ya lalace da ido, a kuma sa masa tsohon a but in an sauya. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada, in ba haka ba ko motar ta warke ba wanda zai san me ya warkar da ita. Ya ƙidaya notinan da suka rage a ƙasa bayan an ɗaure komai. In an ce masa "waɗanga ƙari ne Bature ya sa", ya tuna Bajamushe bai taɓa kyautar noti ba.

Shi ma bakaniken yana da nasa ƙorafin, kuma da gaskiyarsa. An kawo masa motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin rabin tan, an ɗora mata buhu biyar na gero, wanda shi kaɗai ya cinye rabin tan ɗin, sannan fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, yaron mota a but da akuya a cinyarsa. In sifirin ya karye a ce aikinsa ne bai yi kyau ba. An ce ya sa kayan Beljiyam, an ba shi kuɗin jabu.

Abu biyu ne raha ba ta shiga cikinsu. Birki na farko. Ruwan omo da wasu ke ɗurawa in man birki ya ƙare yana tafasa a digiri 100, man DOT 4 sabo kuwa sai ya kai 230, kuma birkin da ya tafasa feda ce kawai ke nutsewa har ƙasa. Na biyu taya. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015, komai kyan zanenta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya.

Duk wannan dogon bayani saboda hanyar ne. A wani wurin, lalacewar mota ɓata lokaci ce. Tsakanin Moriki da Shinkafi, ko bayan Zurmi in an nufi Jibiya, ba direban da ke son buɗe bonet, fasinja ma ba mai son sauka ya miƙe ƙafa, kowa ya san dalili. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, wanda motarsa ta mutu a hanya ko bakanikensa ba shi da halin kira. Shi ya sa belin tayimin ya fi komai cancantar a yi masa biyayya. Ba ya tsuwa, ba ya hayaƙi, tsinkewa kawai yake yi, kuma a injuna da yawa yana tafiya da bawul. Masu ƙera motoci sukan ce a sauya shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000. Tunda ba wanda ya san ranar da Baturen farko ya sauya nasa, mai mota ya sauya shi a makon da ya saye ta, ya rubuta ranar da fenti a cikin bonet.

In kuwa ringi da gaskit da metal suka haɗa baki lokaci ɗaya, a daina faci. A tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna tare da bakanike, a ɗauko injin gwanjo, a sa sharaɗin mayarwa in ya yi hayaƙi, a gaban shaidu.

Mai niyyar cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya buɗe bonet tun Laraba da hantsi a Ƙaura: ya duba ruwa da baƙin mai da man birki, ya taɓa fanbel, ya sa a auna iskar safaya, ya jefa fulogi biyu da galan ɗin ruwa a but. Ya kuma fita da rana tsaka, ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi.